Doron Taya

Farashin sabon inji na gani a takarda,
na ninke ta huɗu,
na cusa ƙarƙashin ƙafar teburinmu mai ɗingishi.
Yuro dubu da ɗari biyu.
Ko tumakin Gualter aka kora kasuwa gaba ɗaya
sai an yi ciko.

Sai na bi juji.
Injin wankin gwaggo Deolinda da ya mutu tun bara,
na farke cikinsa, na tarar zuciyar da sauran rai.
Boris huɗu daga mushen tarakta,
sifirin tsohuwar ƙofar gidan burodi,
ƙarfen gadon da aka haife ni a kai.
La'asar uku Gualter yana mini walda,
ladansa kwalbar zuma da alkawarin wuƙa.

Babana Firmino na kujerarsa a bakin murhu,
bargo a gwiwa,
hannuwansa na kaɗawa ba da izininsa ba.
Shekara hamsin da ɗaya ya taka dutsen washi,
har ƙafar dama ta fi ta hagu kauri.
Duk Palaçoulo babu aljihun makiyayi
da bai taɓa kwana da wuƙarsa ba.
Ya dubi tarkacena.
Bai ce uffan ba.

Ran Talata na ɗaura bel mai yashi,
na ja numfashi, na danna.
Ya yi gurnani, ya ɗauki gudu,
daƙiƙa shida ina sarauniya.
Sai bel ya zame gefe kamar jakin da ya ƙi hanya,
ya tsinke, ya mare ni a kunci,
ya kifar da gwangwanin ƙusoshi.

Na ɗaure noti, ya zame hagu.
Na sassauta, ya zame dama.
Bel uku na kashe kafin Juma'a,
kowane kuɗin cefanen kwana biyu.
Sanyin Janairu ya daskarar da ruwan bokiti,
na zauna a kan uwar maƙera
ina zagin ƙarfe da sunan uwarsa.

Ban ji takunsa ba.
Sandarsa kawai na gani ta taɓa tayar sama.
"Albertina, wannan ta cika miƙewa.
Bel ba ya zama inda aka shimfiɗe masa,
tudu yake bi.
Yi mata doro."

Ya karɓi salatif baƙi,
yatsun da cokali ke gagara
suka zagaya tsakiyar taya sau bakwai.
Sau biyu yana suɓuce masa.
Na sa hannuna a aljihu don kada in taimaka.

Na danna.
Bel ya yi 'yar tangaɗi, ya hau doron, ya zauna daram.

Tartsatsi ya zubo kamar an ɓare buhun taurari,
na kanga ruwan wuƙa, zumuɗi ya kwashe ni,
na danna har tsinin ya yi shuɗi.
"Kin ƙona ta," in ji shi.
"Dutsena yakan jira mutum, wannan ba ya jira.
Shafa ɗaya, tsoma a ruwa.
Kada ki sa safar hannu,
bari yatsa ya faɗa miki zafi kafin ƙarfe ya faɗa."

Ta biyu ba ta ƙone ba.
Na yi mata ƙota da icen zaitun ɗin bayan gida.
Da dare ya jujjuya ta a gaban fitila,
ya rufe ido ɗaya ya bi gadon bayanta,
ya ce gefen hagu ya fi zurfi da kaurin gashi.
Sannan ya jawo cuku,
ya yanka siriri har ana hango wuta ta cikinsa,
ya miƙo mini a kan bakin wuƙar.

Da asuba gurnani ya tashe ni.
Na leƙa ta taga:
yana tsaye gaban injin da rigar barci da hula,
ƙafarsa ta dama
tana taka iska.